Yadda na bi sawun kalmar "fair" a ɗakin labarai

A sashen fassara na gidan rediyon da na fara aiki, sabon shiga ba ya taɓa labaran duniya sai ya daɗe yana fama da sanarwa: cigiya, ta'aziyya, takardun ma'aikatu, tallan 'yan kasuwa. Na shiga a farkon 2018. Editanmu dattijo ne da ya soma aikin tun ana buga labarai da tafireta, kowa Malam yake ce masa, har manajan gidan. Yana da hanyarsa ta horar da sababbi. Zai zaɓa wa mutum kalma ɗaya tak ta Turanci, ya ce ya bi ta har ya san gidanta da danginta. Wanda ya riga ni zuwa an ba shi "charge", ya kusa kuka kafin ya gama. Ni aka ba ni sifar nan, "fair".

Na ce, "Malam, ai wannan ƙaramar kalma ce, harafi huɗu."

Ya ce, "To 'yata, tunda ƙarama ce ba za ta yi miki nauyi ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada ki buɗe ƙamus tukuna. Ki nemi ɗan littafin rubutu. Duk inda kika ci karo da ita ki kwafe jimlar ɗungurungum, ki ja layi ƙarƙashin sunan da ta jingina da shi, sannan ki rubuta wanda ya faɗa da kuma ɗan ina ne."

Wannan "ɗan ina ne" na ɗauka tsegumi ne irin na tsofaffi. Daga baya shi ne ginshiƙin da ya fi yi mini aiki a littafin.

Jimlar farko daga gida ta fito. Ƙanina ya kawo sakamakon zangon karatu, a gurbin hali malaminsa ya rubuta Fair. Inna ba ta yi boko ba amma ba a yi mata wasa da katin sakamako, ta ce in faɗa mata abin da aka ce. Na nuna mata tsanin da makarantunmu suke amfani da shi: Excellent a sama, sai Very Good, sai Good, sai Fair, sai Poor a ƙasa. Ta ƙirga da yatsa ta ce, "Wato taki ɗaya ya rage ya faɗa rami." Na ce ai ba yabo ba fallasa ake nufi. Ta ce a gidanta rashin yabo ma fallasa ne. Na rubuta jimlar, na rubuta "kadaran-kadahan" a gefe da fensir, don Malam ya hana a rubuta fassara da biro a wannan matakin.

Ta biyu a teburin cigiya na same ta, ita ce kuma ta fara nuna mini cewa abin ba na wasa ba ne. Wani magidanci ya shigo da hantsi, idonsa ja, da takarda da aka buga masa a shagon kwamfuta. Ɗansa ne ya fita tun jiya da la'asar bai dawo ba. An rubuta shekarun yaron, da kayan da ke jikinsa, sannan "He is fair in complexion." A Turancin Nijeriya wannan jimla kowa ya san ta, tana cikin takardun 'yan sanda da fom-fom iri-iri. Amma Turancinmu na takarda matakai biyu kawai ya cika ambata, fair da dark. Hausa kuwa tana da fari tas, da fari, da ja, da wankan tarwaɗa, da baƙi, da baƙi wuluk. Idan na ce "fari ne" alhali yaron wankan tarwaɗa ne, mai shagon da ya gan shi zai ce ba shi ba ne. Na fita na same shi a benci na durƙusa na ce, "Baba, yaron nan fari ne sosai ko wankan tarwaɗa?" Ya yi shiru yana kallon bayan hannunsa, ya ce, "Hasken uwarsa ya ɗauko, amma bai kai ta ba. Ya dai fi ni." Na dubi hannun, na koma na rubuta "wankan tarwaɗa ne mai ɗan haske". Haka aka karanta.

A makon ne kuma na tsinci kalmar a wani rahoto da aka rubuta a Landan, inda ake siffanta wani da ake nema: "tall, with fair hair". A nan ba fata ake nufi ba, gashi ne mai haske, irin na Turawan arewacin Turai, mai ruwan zinariya ko ruwan ƙasa-ƙasa da ya koɗe. Idan Bature ya ce mutum fair ne, yana kwatanta shi da sauran Turawa ne, wato fatarsa ta fi tasu haske kuma rana na saurin ƙona ta. Idan ɗan Nijeriya ya faɗa, da mu yake kwatantawa. Wanda muke ce wa fair a Kano, a Landan baƙi ne kawai. Ma'aunin yana hannun mai magana.

Littafin ya fara cika. Na riƙa kwafowa daga jaridu, daga takardun kamfanonin dillancin labarai, daga allunan shaguna, daga bakin mutane a mota. Da Malam ya ga shafukan sun yi yawa sai ya ce in yanka kowace jimla a 'yar takardarta, in baza a tebur, in tara masu kama da juna ba tare da na sa wa tarin suna ba. Sannan ya ba ni makamin da har yau da shi nake aiki.

Ya ce, "Kowace jimla ki tambaye ta kishiyarta. Mace ba ta ɓoye halinta in an ambaci kishiya, kalma ma haka."

Na gwada, abin ya yi aiki kamar yankan wuƙa. Fair ɗin fata da gashi, kishiyarsa dark. Fair ɗin katin ƙanina ba shi da kishiya guda, yana zaune ne tsakanin good da poor. Fair ɗin alƙali da zaɓe da farashi, kishiyarsa unfair. Fair ɗin wasa da na yanayi, kishiyarsu foul. Akwai wasu 'yan takardu da suka ƙi amsa tambayar gaba ɗaya, kamar "trade fair", na ture su gefe.

Tarin unfair shi ya fi kowanne tsayi, kuma watan Yunin shekarar ya ƙara masa kaya. A ranar 6 ga watan, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwar mayar da Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen 1993 da ake ganin Moshood Abiola na jam'iyyar SDP ya lashe a kan Bashir Tofa na jam'iyyar NRC, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke. Kusan duk jaridar da ta shigo ofis a makon tana ɗauke da "freest and fairest election". A nan na ga yadda sifar take hawa mataki: fair, fairer, fairest. Mu a Hausa ba ma taɓa jikin kalmar, aikatau muke ɗaukowa, mu ce "ya fi", "ya fi duka".

Gardama ta kaure a teburinmu kan yadda za a faɗe ta. Wani ya ce "sahihin zaɓe" ya wadatar, ai haka kowace tasha take cewa. Wani ya ce "zaɓe mafi tsafta". Malam ya bar su suka gaji, sannan ya tambaye ni me ya sa Turawa suke jera kalmomi biyu in abu ɗaya suke nufi. Na koma kan takarduna. Duk jimlar da free ya fito a cikinta, maganar mai jefa ƙuri'a ake yi: ba a tare shi da 'yan banga ba, ba a tsorata shi ba, ba a hana shi tsayawa takara ko zaɓen wanda yake so ba. Duk inda fair ya fito, maganar fili ce da alƙalanci: hukumar zaɓe ba ta karkata ba, ba a yi aringizon ƙuri'u ba, gidan rediyon gwamnati bai rufe wa 'yan adawa ƙofa ba, abin da aka ƙirga shi aka faɗa. Ana iya barin kowa ya fito ya yi layi lafiya lau, da dare a sauya alƙaluma. An samu na farko ke nan, an rasa na biyu.

Malam ya ce to juya shi. Ya tuna mana cewa jam'iyyun nan biyu gwamnatin soja ce ta ƙirƙire su, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, kuma a 1992 ta soke zaɓen fid da gwani ta haramta wa masu neman shugabancin tsayawa, cikinsu har da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Adamu Ciroma. Ya ce, "Ranar zaɓen an yi ƙidaya ta gaskiya, har Abiola ya ci Kano, jihar Tofa. Wannan fair ne, ban musa ba. Amma wanda aka ce masa cikin biyun nan kaɗai zai zaɓa, 'yancinsa da sauran magana." Ba a sa ra'ayin Malam a labarai ba, ba aikinmu ba ne. Abin da aka karanta shi ne "zaɓen da ake yi wa kallon mafi 'yanci da adalci a tarihin ƙasar", kuma ni na dage a kan "ake yi wa kallon", tunda ba mu muka yanke hukuncin ba.

Ina ganin "sahihin zaɓe" da muka saba da shi yana haɗiye wannan bambanci, kuma mai sauraro ne yake asara. In masu sa ido suka ce zaɓe ya yi free amma bai yi fair ba, mai fassarar da kalma ɗaya ce a aljihunsa ba shi da abin faɗa.

Wakilinmu na kotu shi ya warware mini "fair hearing". Na ɗauka masa jimlar ina tsammanin zai ce hukuncin adalci ne. Ya girgiza kai, ya buɗe mini sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka ba kowa wannan haƙƙi, kuma aka ce a cikin lokacin da ya dace. Ya ce abin da lauyoyi suke nufi ba sakamakon shari'a ba ne, hanyar da aka bi ce. Ginshiƙanta biyu: a saurari kowane ɓangare, kuma kada mutum ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki. Kotun ɗaukaka ƙara tana iya rushe hukunci ta ce a sake shari'a daga farko saboda an tauye wannan, ko da kowa a gari yana ganin mutumin ya aikata laifin. Saboda haka in lauya ya ce an hana wanda yake karewa fair hearing, ba cewa yake yi ba shi da laifi ba. Fassarar da muka tsaya a kanta ita ce "ba a ba shi damar kare kansa ba", wani lokaci "ba a ji ta bakinsa ba".

A nan na lura da wani abu game da nahawun harsunan biyu, wanda duk karatun da na yi a kwaleji bai fito mini da shi fili haka ba. A aji an koya mana cewa sifar Turanci ba ta damu da jinsi ko adadi ba, fair man, fair woman, fair people, duk fair ne, alhali tamu tana sauya riga, farin mutum, farar mace, fararen mutane. Wannan gaskiya ne, amma ƙaramin bambanci ne. Babban shi ne, sau da yawa inda Turanci ya sa sifa, Hausa aikatau take so. Muna da adali da adila da adilai, suna yi wa mutum daidai, alƙali adali, sarki adali. Amma babu mai cewa adalin zaɓe ko adalin farashi. Yaron Ingila da aka ba ɗan'uwansa alewa biyu shi aka ba shi ɗaya zai ce "It's not fair." Namu zai ce "An cuce ni" ko "Ba a kyauta mini ba." Bature ya siffanta al'amarin, Bahaushe ya nemo wanda ya aikata, ko da bai ambaci sunansa ba. "A fair price" ma sai da na warware shi zuwa jimla: kuɗin da mai saye bai cutu ba, mai sayarwa bai faɗi ba. Ba araha ba ne, don araha tana iya zama cutar mai kaya. Tun daga nan na daina neman sifa a madadin sifa.

Ƙarshen watan ƙwallo ta kawo nata. Ranar 28 ga Yuni, a gasar cin kofin duniya ta Rasha, Kolombiya ta ci Senegal ɗaya da nema, Poland ta ci Japan ɗaya da nema. Senegal da Japan suka tashi da maki huɗu-huɗu, ƙwallayen da suka ci huɗu-huɗu, waɗanda aka zura musu huɗu-huɗu, karawar da suka yi da juna kuma biyu da biyu. Sai aka koma kan abin da FIFA ta kira "fair play points", aka ƙirga katin gargaɗi: Japan huɗu, Senegal shida. Japan ta wuce, Senegal ta koma gida, Afirka ta rasa wakili ko ɗaya a zagaye na biyu. Ba a taɓa fitar da wata ƙasa daga gasar da wannan ƙa'ida ba sai ranar.

Abokin aikinmu na sashen wasanni ya shigo yana huci. Abin da ya ƙona masa rai shi ne mintunan ƙarshe na wasan Japan, inda 'yan wasanta, suna sane ana cinsu, suka riƙa tura wa juna ƙwallo a bayansu ba sa kai hari, suna jiran a tashi, 'yan kallo na yi musu ihu. Ya ce in na fassara masa fair play da "adalci" sai ya yaga takardar. Na ce ba zan yi ba, don kishiyarsa a nan foul ce, wato ƙeta. Ƙa'idar ba ta auna jarumta ko niyya, kati take ƙirgawa. Muka rubuta "makin tsaftar wasa, wanda ake lissafawa da yawan katin gargaɗi da jan kati". Ya karanta, sannan a sharhinsa na bayan labarai ya ce ƙa'idar tsafta ce ta yi rashin adalci. Na kwafe wannan ma a littafina, duk da da Hausa ya faɗa, don ma'anoni biyu na kalmar ne suka yi karo a jimla ɗaya.

Yanayi bai ɗauke ni lokaci ba. Na tuna da wani tsohon ma'aunin iska mai fuskar agogo da ke rataye a ɗakin labarin ƙasa na sakandarenmu, an rubuta Stormy, Rain, Change, Fair, Very Dry a kewayensa. A ƙasar da ruwa ya ishi mutane, ranar da ba a yi shi ba ita ce kyakkyawa. Ka ce wa manomin Ɗambatta a watan Yuli "gobe yanayi zai yi kyau", shi ruwa zai ji ka ce. Sai dai a ce gari zai yi garau, babu alamar hadari. Daga nan ne suka samo "fair-weather friend", abokin da ba a ganinsa sai ana cikin daɗi.

Wanda ya ba ni ciwon kai shi ne tarin tsakiya. Fair ɗin katin ƙanina yana kusa da ƙasa. Rahoton asibiti daga Amurka da ya ce majiyyaci yana "in fair condition" yana nufin da sauƙi, yana cikin hayyacinsa, bai kai good ba amma ya fi serious da critical. To amma sai ga "a fair number of people attended", ga "a fair amount of money", ga "a fair distance". Na tambayi wata malamar jami'a da ta yi karatu a Ingila, ta ce in Bature ya ce maka tafiyar "a fair distance" ce, ka nemi mota. Wato a nan kalmar ta haura sama, tana nufin da yawa, sai dai mai maganar ba ya son cika baki. Na yi kwanaki ina juya abin, ina ganin ya saɓa wa hankali a ce kalma ɗaya tana nufin kaɗan-kaɗan tana kuma nufin mai yawa. Inna ce ta warware shi ba da saninta ba. Ta dawo daga biki na tambaye ta ko an taru, ta ce, "An samu jama'a ba laifi." Da daddare aka tambaye ta jikin maƙwabciyarmu, ta ce, "To, da dama-dama." Ashe muna da abin a gida. "Ba laifi" a kan tuwo yabo ne na dole, a kan taro kuwa cikar fili ce. "Da dama-dama" rabin sauƙi ne, "mutane da dama" kuwa yawa ne. In ana auna kyau, fair yana ƙasa da good. In ana auna yawa, yana sama da tsammani.

Sai ɗanta, fairly. Wani mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya kawo talla an rubuta "fairly used phones". Takarduna sun riga sun nuna mini fairly iri biyu: in tana tare da aikatau, kamar "treated fairly", adalci ne, in ta gabaci sifa, kamar "fairly good", dama-dama ce. Wannan "fairly used" kuwa duk jimlolin da na tara masu ɗauke da shi 'yan Nijeriya ne suka rubuta. Na Ingila second-hand suke cewa, ko used kawai. Mu muka ƙera abinmu don a tausasa maganar, kamar an ce an yi amfani da ita amma ba a wahalar da ita ba. Na fassara masa da "wayoyi na hannu". Ya ɓata rai ya ce, "Haba Hajiya, sai ka ce gwanjo nake sayarwa. Ki ce 'yan Landan, kamar sababbi." Kuɗinsa ne, aka ce 'yan Landan.

Sai a lokacin Malam ya ce in buɗe ƙamus. Na fara da na Oxford na masu koyo, wanda asalinsa aikin A. S. Hornby ne, na tarar ya jera ma'anonin da lamba, kusan yadda tarin takarduna suke a tebur. Bambancin shi ne da na karanta kowace lamba ina da fuskar da zan ɗora mata: magidancin nan a benci, Inna da katin sakamako, mai waya. Da tun farko na buɗe, da na haddace jerin na manta kafin sati. A ɗakin karatu na jami'a na duba babban ƙamus mai ba da tarihin kalmomi. A tsohon Turanci kalmar "fæger" ce, ma'anarta kyakkyawa, mai daɗin kallo. Daga kyau ta gangaro zuwa hasken fata da gashi, ta wani reshen kuma zuwa abin da ba shi da tabo ko aibi, daga nan zuwa mu'amalar da ba ta da algus. Shi ya sa ake ce wa rubutun da aka sake kwafewa tsaf ba gyare-gyare "fair copy". Takardun da na ture gefe ma aka raba mini gardamarsu. Fair ɗin "trade fair", irin kasuwar baje kolin da ake ci a Kaduna da kuma ta Kano a titin gidan zu, suna ne ba sifa ba, kuma ba dangin wancan ba ne ko kaɗan. Daga Latin ya zo ta hanyar Faransanci, daga kalmar da ke nufin ranar hutu ko ta idi, don a irin ranakun ake cin manyan kasuwanni. Kamannin rubutu ne kawai ya haɗa su.

Wannan tarihi na kyau da haske ya dawo mini a 2020, lokacin da kamfanin Unilever ya cire kalmar daga sunan man shafawarsa Fair & Lovely, wanda ya fara sayarwa a Indiya tun 1975, ya mayar da shi Glow & Lovely, bayan sukar da aka daɗe ana yi cewa sunan yana koya wa mata cewa fari shi ne kyau. Ni na fassara labarin. Dole na ƙara jimla guda da babu ita a na Turancin, mai bayanin cewa kalmar tana ɗauke da kyau da hasken fata a ciki ɗaya, in ba haka ba mai sauraro ba zai gane abin da ake rigima a kai ba. Ko sauya suna ya rage masu neman man bilicin a kasuwanninmu, wannan kowa ya leƙa shagon kayan shafa ya gani da idonsa.

Akwai matakin baki, tunda aikinmu ba a takarda yake ƙarewa ba. Fair da fare, kuɗin mota, lafazinsu ɗaya ne sak, jimla ce kawai take raba su. Matsalarmu ta Hausawa kuma daban ce. F ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, tasu kuwa haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, shi ya sa fair da pair suke cakuɗe mana. Malam ya sa ni gaban madubin banɗaki ina maimaita "a fair pair" har sai na ga haƙorana a kalmar farko, na ga leɓɓana sun haɗe a ta biyu. Masu shara sun sha dariya.

Jarrabawar ƙarshe juyi ce. Ya ba ni jimlolin Hausa masu ɗauke da "adalci" ya ce in mayar Turanci, in faɗi inda fair zai shiga da inda ba zai shiga ba. Rabon aiki tsakanin ma'aikata, alƙalancin wasa, makin jarrabawa, ciniki, duk fair ya zauna. Da aka zo kan iyalan wanda aka kashe suna neman a yi musu adalci, justice ne, fair ya yi masa ƙanƙanta. Adalcin Ubangiji ma just ake cewa. Ya kuma tsare ni a kan "fair share", sai na nuna masa ba raba daidai ba ne: wanda ya yi noman yini da wanda ya yi na rabin yini, in aka ba su kuɗi ɗaya an yi equal, ba a yi fair ba. Ya karɓi littafin ya duba shafi-shafi, ya ce in goge fensir in sa biro.

Wata ma'ana guda ba ta shiga kowane tari ba, don ba a takarda take zaune ba, a murya take. A lokacin zaɓen Fabrairun 2019, wanda aka ɗage da mako guda sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, wakilinmu ya turo hirar da ya yi da wani Bature mai sa ido. Baturen ya yaba yadda aka yi layi cikin natsuwa. Wakilin ya ce masa ai a birni kawai ya zagaya, bai shiga ƙauyuka ba. Aka yi ɗan shiru, sannan ya ce, "Fair enough." Ni zan ɗora muryar Hausa a kai, saura 'yan mintuna a shiga labarai.

Na mayar da faifan baya na sake saurare. Akwai "fair enough" na wanda ya gamsu, akwai na wanda yake so a wuce wurin. Wannan ya ja numfashi kafin ya faɗa, kuma muryarsa ta sauka a ƙarshe, bai biyo da "but" ba. Na rubuta, "Da gaskiyarka, ban musa ba."

Malam ya sa abin sauraro a kunne ɗaya, ya ji, ya ce, "Ni da 'To, na ji' zan ce. Bai ba shi gaskiya duka ba."

Na ce, "Malam, 'To, na ji' a bakin Bahaushe ƙosawa ce. Wannan bai ƙosa ba, an kama shi ne ya yarda."

Ya sake saurare, ya dubi agogon bango, ya miƙo mini takardar ya ce, "Cire 'da gaskiyarka', ki bar 'ban musa ba'. Maza, an kunna jar fitila."